Bikon Gwaggo Dije

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa ni na kashe wa yayarku aurenta na fari, wai na wanke ƙafa na tafi har Tudun Wada na tsaya gaban surukina ido cikin ido, ba kara ba kunya. Ita ma haka take faɗa har gobe. To, na je ɗin. Ban musa ba, kuma da za a mai da ni wannan shekarar, hanyar nan dai zan sake bi. Amma tunda ƙafa ta fara gazawa, kuma waɗanda suka ji abin da na ji duk suna ƙasa, bari in ba ku labarin daga tushe, don wanda zai zage ni bayan raina ya zage ni da sani.

Kullum ina jin tsofaffi suna kukan auren yanzu ba ya ƙarko, wai a zamaninsu mace ɗaki ɗaya take shiga, ba ta fitowa sai a makara. Ni za su gaya wa? Innata aurenta uku. Kakata ta wajen uba sai da ta zaga gida biyar, kuma ba wanda ya taɓa goranta mata. Aure yana mutuwa a da, yana mutuwa yanzu. Abin da muke da shi wanda ku kuka zubar shi ne yaji da biko. Mace in ta ji zafi, sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta tafi gidan ubanta ta huce. Miji ya kwana biyu yana cin tuwon maƙwabta, sannan ya samo dattijo ya rako shi, su durƙusa a zaure, a yi masa faɗa, a yi mata faɗa, ya tasa matarsa su koma. Aure da yawa wannan 'yar tafiyar ce ta raya su. Ku kuwa kafin tuwo ya huce an saki mace ta waya, tana tsaye a madafa. Sai dai biko yana da ƙa'idarsa, kuma ƙa'idar ba ta da tausayi. Wadda ta yi yaji ba ta komawa da ƙafarta. Iyayenta kuma ba sa aikawa su tambayi miji ina aka kwana, don kada a ce sun gaji da ciyar da 'yarsu. Sai dai a zauna a jira shi.

Ni ban taɓa yin yaji ba, kuma kada ku ɗauka haƙuri ne. Babanku ɗan wan ubana ne, gida ɗaya muka tashi a nan ƙasar Bebeji, da aka ɗaura aure daga wannan sashe aka mai da ni wancan. In na yi yaji ina za ni, bayan rumbu? Saboda haka duk abin da ya faru a gidan nan a kan idona ya faru, har da na Gwaggo Dije, ƙanwar iyayenmu maza.

Ina yarinya ta zo. A wani ƙauye na bakin kogi take aure, mijinta masunci ne. Akuyarta ta tauna masa taru, shi kuma ya zage ta a gaban 'yan'uwansa, ta yi zuciya ta taho. Iyakar abin da ya faru ke nan, ba duka, ba yunwa. Aka share mata ɗakin da ke jikin zaure, aka ce ta huta. Ba a daɗe ba wata mai tallan kifi ta kawo saƙon baki, ta ce mijin ya ce a gaya wa Dije ranar Alhamis bayan la'asar yana tafe. Gwaggo ta ƙunsa lalle, ta yi kitso, ta ɗaure kayanta ta zauna bakin gado. Bai zo ba. Lokacin ne aka tare ruwan Tiga, aka tashi ƙauyuka, nasu yana ciki. Mutanen garin suka watse, wasu Tudun Wada, wasu can wajen Doguwa. Wani ya ce ya gan shi a kasuwa, ya yi sabon aure. Wani ya ce ƙarya ne, ya shiga kwalekwale ranar Alhamis ɗin da sabuwar riga a jikinsa, ba a sake ganinsa ba. Ba gawa, ba saki. Aka ce ta je wurin alƙali ya raba auren, ta ƙi. Manema suka zo, ta ƙi fita.

"Da igiyar mutum a kaina," in ji ta. "Ya ce yana tafe."

Haka ta zauna har kanta ya yi fari fat. Sauran ranaku lafiya lau take, tana daka, tana surfe, ba wadda ta kai ta iya dambu a unguwar nan. Amma Laraba da yamma za ta ƙunsa lalle, Alhamis da azahar ta yi wanka, ta sauko da ƙunshin kayan nan da ba ta taɓa kwancewa ba, ta zauna tana fuskantar ƙofa. In wani ya tura ƙyauren zaure, sai ta ce, "Ku bar shi a buɗe, mai zuwa yana hanya." Muna yara muna dariya a ɓoye.

Dariyar ta ƙare shekarar da na yi haihuwar fari. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, maza duk suna gona, rana tana nan sarai, sai na ji sallama daga zaure. Muryar namiji ce, a hankali, a shaƙe kamar ta mai mura. Aka leƙa, ba kowa. Sai dai daɓen zauren ya jiƙe a wuri ɗaya, daidai inda baƙo yake durƙusawa, ga ƙarnin kifi ya cika wurin, alhali rabon gidan da kifi an kwana biyu. Gwaggo ta fito da ƙunshinta a ka, ta tsaya bakin zaure ta daɗe, sannan ta dawo.

"Nauyin Yaya yake ji," ta ce. "Ya kasa shigowa. Zai dawo."

Ba kowace Alhamis ake jin sallamar ba, amma ana ji, kuma ba ni kaɗai ba. Baffa, mahaifin babanku, wanda Gwaggo take kira Yaya, ya tara malamai aka yi sauka, ya kuma kafa doka: duk wanda ya ji, kada ya amsa, kada kuma a ba yara labari. Ba a amsa ba kuwa. Ranar da Gwaggo ta rasu a zaune muka same ta, da jan lalle a hannu, ƙunshin yana kan cinyarta. Da muka kwance shi, zannuwan ciki sun mutu a kan ninkinsu, kana taɓawa suna yagewa. Daga nan sallama ta ɗauke. Muka mai da ɗakin wurin jibge buhunan masara, muka ci gaba da harkarmu har muka manta.

Yanzu in zo kan yayarku. 'Yar fari ce, kuma kun san yadda mu mutanen da muke da 'ya'yan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ko kuka take sai dai wata ta ɗauke ta. Ana yaye ta aka kai ta Kiru wurin yayata, can ta girma, can aka yi mata aure. 'Yar Kiru nake ce mata. Gwaggo Dije sai da salla take ganinta, ta gaishe ta ta wuce, labarin Alhamis kuwa ko da wasa bai taɓa shiga kunnenta ba. Ku ƙannenta kun ɗauka ba na sonta. Ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa, al'ada ce ta ɗaure bakin.

Mijinta, tunda na riga na zubar da kunyar bari in faɗi sunansa, Nasiru ne, mai shagon kayan babur a Tudun Wada. Yaro ne mai kirki daidai gwargwado, sai dai maraya ne, ya tashi a hannun kansa, ba dattijo a bayansa. Wata rana ya ce mata a gaban abokansa ba abin da ta iya sai danna waya. Ita kuma goyon tsohuwa ce, yayata ta cika mata kunne da yadda mace mai daraja take yi. Ta goya ɗanta, ta ɗauki akwati, ta taho gidan ubanta yaji, irin na da sak. Ta kashe wayar ta jefa ƙasan akwati, ta ce in yana sonta ya san hanya. Shi kuwa, daga baya na gane, biko a labari kawai yake jinsa. Yana can yana jiran ta huce ta kira shi, tana nan tana jiran ya zo da dattijo. Damina ce, masarar bara ta ƙare, ɗaki ɗaya ne a gidan ba kowa a ciki, na Gwaggo. Aka share mata shi, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da fari tana hira, tana taya ni aiki, tana kwaikwayon tafiyar Nasiru ƙannenta suna dariya. Sannan ta fara yin shiru. Na ce wa babanku ya aika a ji ta bakin yaron.

"Ni in aika?" ya ce. "Ya ci mutuncin 'yata, kuma in bi shi da roƙo? Ya zo ya same ni a zaure kamar yadda kowa yake yi. Ke kuma tun yaushe kika fara sa baki a maganar 'yar fari?"

Wata Laraba na shiga ɗakin ɗaukar tsintsiya, na same ta tana ƙunshi. Ba irin zanen da 'yan matan yanzu suke yi ba, lalle na gargajiya, ta zura hannu a zunguru har gwiwar hannu. Na tambayi inda ta samo zunguru a wannan zamani, ta ce a kan katanga ta gan shi, ƙarƙashin rufi. Na Gwaggo ne, na gane tsagin bakinsa. Washegari da azahar ta yi wanka ta zauna bakin gado, akwati a gabanta, ɗanta yana kuka a ƙasa ba ta ko dube shi ba. Iska ta taso, na je zan tura ƙyauren zaure, sai na ji daga bayana:

"Ku bar shi a buɗe, mai zuwa yana hanya."

Muryarta ce, amma jan maganar ba nata ba ne. Bayan la'asar aka yi sallama. Shekara da shekaru rabona da jin muryar nan, amma ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Zauren a lokacin an riga an yi masa siminti, duk da haka wurin nan dai ya jiƙe.

Na gaya wa babanku. Bai musa ba, don shi ma ya sha jin sallamar zamanin Gwaggo. Ya ce a sauya mata ɗaki. Muka mai da ita nawa, da safe muka same ta can. Ya karɓo rubutu, ta sha ba musu, ba abin da ya sauya. Ta rame, idonta ya faɗa, ta daina kiran sunan Nasiru, sai dai ta ce "shi". Aika wa yaron kuwa, babanku ya ce sai dai bayan ransa. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan magana gara ka lallashi jaki.

Wata Alhamis a ƙarshen damina, masara ta fi mutum tsayi, na kewaya zan yi alwala sai na ji sallamar. Na kuma ji abin da ba a taɓa yi ba a gidan nan: an amsa. Kafin in fito, ɗaki ba kowa sai yaron yana barci. Na fita ko mayafi babu. Na hango ta a 'yar hanyar da ta ratsa gonaki ta gangara bakin ruwa, akwati a ka, tana tafiya a natse, kai a sunkuye, irin tafiyar matar da mijinta yake gaba. Na bi ta ina kira, ke, 'yar Kiru, ke, ko waiwaye ba ta yi ba. Da na matso sai na dubi ƙasa. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, hanya a bushe take, amma ga sawun ƙafa a jiƙe, babba, ba takalmi, yana gaban nata, kuma ƙasa ba ta ko fara tsotse shi ba. Gabanta ba kowa. Ruwan kuma ga shi nan yana ƙyalli tsakanin karan masara, saura kaɗan. Numfashina ya ƙare, ƙafa ta ƙi. Sai na buɗe baki na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta.

"Rabi!"

Ta tsaya cak. Ta juyo a hankali, akwatin ya zame ya faɗi. Ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci.

"Inna," ta ce, "sunana kika kira?"

"Na kira. Zo mu tafi gida."

"Me muke yi a nan?"

"Zazzaɓi ne ya ɗebo ki. Zo."

Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau. Ban waiwaya ba, amma har muka shiga gari ina ji a jikina ana tsaye a kan hanyar ana kallonmu.

Na san sunan nan sau ɗaya zai yi mini aiki, don mamakin jinsa a bakina ne ya farkar da ita, kuma ba ta sake yin wannan mamakin. Wata Alhamis kuma tana tafe. Na zauna na yi ta juya abin a raina. Ba ɗakin kaɗai ne ya haɗa ta da Gwaggo ba. Dukansu mata ne da igiya a kansu, suna jiran biko, ba su san matsayinsu ba, kuma irin wannan mai sallamar yake zuwa ɗauka. Ko dai mijinta na gaskiya ya riga shi zuwa, ko ta san ba mai zuwa ta daina jira. Abin da na gani a hanya ban gaya wa kowa ba, ko babanku, don shi magana ba ta kwana a cikinsa, sai ta kai ƙofar masallaci. In maganar ta fita kuwa an gama, za a ce yarinya tana da iska, ba mai zama da ita, ba Nasiru ba, ba wani ba. Na sake roƙonsa ya aika, ya sake ƙi. Ranar Laraba na ce za ni dubiya, na hau mota sai Tudun Wada.

Yana ganina ya miƙe ya rasa inda zai sa kansa, don tun da aka yi auren ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Abokansa suna jere a kan benci a ƙofar shago.

"Inna, lafiya? Ai da kin aiko."

"Lafiya ce za ta kawo ni tsakiyar kasuwa? Me ya hana ka zuwa biko?"

"Ni na kore ta? Da ƙafarta ta fita. Na kira wayarta har na gaji, a kashe. In ta ga dama ta dawo, ɗakinta yana nan."

"Ba ta dawowa da ƙafarta, ba haka ake yi ba. Gobe Alhamis. Ka zo kafin la'asar, ko kai kaɗai ne, ni zan shigar da kai wurin babanta."

"Gobe ina da kaya a hanya daga Kano. Sai dai wani makon, in Allah Ya kai mu."

"Ba wani mako. Ko gobe, ko ka sauwaƙe mata yanzu ina tsaye."

Abokan suka dubi juna, ɗaya ya yi 'yar dariya. Na ga fuskar yaron ta sauya. Da mu biyu ne kaɗai, na tabbata da ya zo. Amma yaro a gaban abokansa, ga tsohuwa tana gindaya masa sharaɗi, kuma ba shi da babba a kusa da zai ce masa kul.

"Tunda abin ya zama umarni," ya ce, "na sauwaƙe mata."

Na ce Allah Ya yi maka albarka, na juya. A mota na rufe fuska da mayafi na yi kuka har na sauka.

Da na gaya mata, ta yi ihun da sai da maƙwabta suka leƙo. Ta ce na cuce ta, tana son mijinta, wa ya aike ni. Ta zazzage akwatin a tsakar ɗaki tana neman wayarta, ta kira shi ya ƙi ɗauka, ta yi jifa da zungurun ya fashe, ta kwaso ɗanta ta dawo ɗakina da kanta. Ina tsaye ana zagina ina hamdala a zuci, don muryar 'yata ce take zagin, ba ta wata ba. Saki ɗaya ne, da ya so da ya yi kome kafin idda ta cika, zuciya ta hana shi. Babanku ya daina cin tuwona har aka gama girbi. Dangin Nasiru na nesa suka zo suka karɓi yaron da ya isa yaye, ya girma a can, yau in ya gan ni gaisuwar baƙo yake yi mini, kuma wannan yana ci mini rai har yanzu. A unguwa na zama abin nuni, uwar da ta kashe auren 'yarta da bakinta. Ita kuwa ta sake aure a garin Ƙofa, ku jikokina na can daga wannan auren kuka fito. Tafiyar bakin ruwa ba ta tuna ta ko kaɗan. Abin da take tunawa kawai shi ne na je Tudun Wada.

Saura abu ɗaya. Washegarin dawowata, Alhamis ɗin, tana ɗakina da kumburarriyar fuska tana ba ɗanta kunu, bayan la'asar aka yi sallama. Ko gezau ba ta yi ba, ba ta ma ji ba. Na tashi na yafa mayafi na tafi zaure, na karya dokar Baffa.

"Wa'alaikumus salam," na ce. "Bawan Allah, Dije ta rasu da daɗewa. Ta jira ka har ƙarshen ranta. Yanzu ba mai jiran biko a gidan nan."

Ruwa yana ɗiga a kan siminti, ɗis, ɗis, ban ga daga inda yake ɗigowa ba. Sannan muryar ta ce, a hankali, da ladabi irin na suruki a zaure:

"To. Zan jira."

Shi ya sa na sa aka toshe ƙofar ɗakin nan da bulo, ba don tsagewar bango ba kamar yadda na gaya muku. Shi ya sa kuma bara da jikata ta dawo da sakinta, aure ko shekara bai yi ba, matan unguwa suka cika gida suna tsine wa zamani, ni na dama mata fura na ce ta sha ta kwanta. Ban ji daɗin mutuwar auren ba, amma ta san inda take tsaye. Ku yi haƙuri da mazanku, ku yi haƙuri da matanku, wanda ya ɓata wa matarsa ya taka ya je ya durƙusa, ba a mutuwa don an durƙusa. Amma duk 'yar da ta dawo gidan nan da akwati, kada ku tsaya jan aji, kada ku bar Alhamis ta same ta tana kallon ƙofa. In kuna ganin ruɗin tsufa ne, ku je zaure ku ɗaga tabarmar da ke gefen dama. Duk shekara sabuwa nake shimfiɗawa, duk shekara ruɓewa take yi.